Daga Ƙeso Zuwa Jaka Ɗari: Siffofi da Rabe-Raben Adadin 20,000 a Bakin Hausawan Fatakwal da Anaca da Inugu

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin ƙidayar Hausa sun fi mayar da hankali a kan ƙananan lambobi, wato daga ɗaya zuwa goma, sai kuma gomomin nan da aka aro daga Larabci, ashirin zuwa casa'in. Da zarar an haura dubu sai a ga bayani ya taƙaita, tamkar babu sauran abin faɗa sai maimaita abin da ya gabata. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗauki babban adadi guda ɗaya tak, wato 20,000, ta dube shi ta fuskoki biyu: sunayen da ake kiransa da su, da kuma halin da yake da shi a ilmin lissafi. Ba haka kawai aka zaɓi wannan adadi ba. Yana daga cikin manyan lambobin da Bahaushe ya laƙaba wa suna guda tun kafin kalmar miliyan ta shigo harshen, kuma sunan nasa ya samo asali ne daga kasuwa. An karkata misalai zuwa zangunan Hausawa na Fatakwal da Anaca da Inugu saboda a can ne ƙidayar Hausa take gogayya da ta Igbo kullum rana, a wurin da kuskuren lissafi yake zama asarar dukiya. A cikin maƙalar za a yi amfani da “adadi” da “lamba” da ma'ana guda, a keɓe “alƙalami” ga alamomin rubutu daga 0 zuwa 9.

2.0 Zangunan Hausawa a Gabas

Tun a ƙarni na 19 fataken Hausawa da Nufawa suke sauka bakin kogin Kwara a Anaca, kuma a ƙarshen ƙarnin ne maharban giwa Hausawa suka yi zango a Elele, arewa da inda Fatakwal take a yanzu. Amma abin da ya buɗe hanya sosai shi ne jirgin ƙasa. An gano kwal a yankin Udi a 1909, layin dogo daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916, daga baya aka haɗa shi da Kaduna, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Ta wannan hanya shanu da wake da albasa suka riƙa gangarawa, manja da sauran kayan kurmi suna haurawa. Igbo suna kiran unguwar baƙin Arewa Ama Hausa, ita kuwa kasuwar dabbobi ana ce mata gariki. Har wani ɗan kasuwar shanu mutumin ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Rikicin 1966 da yaƙin basasa sun watsa waɗannan zanguna, bayan 1970 suka sake haɗuwa, aka kuma san kasuwannin shanu irin su Ugwuoba da Amansea a kan hanyar Inugu zuwa Anaca, da Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun daga nan. Kafin kuɗin Turawa garuruwan gabas ba kuɗi iri ɗaya suke kashewa ba. Anaca ƙasar wuri ce kamar ƙasar Hausa, amma yankin Fatakwal da Aba mundayen tagulla suka fi sani, waɗanda ba a janye su ba sai tsakanin 1948 da 1949. Saboda haka inda ƙidayar wuri ta Hausa ta yi karo da ta Igbo kai tsaye shi ne Anaca da kewayenta.

3.0 Sunayen Adadin

Bahaushe yana iya kiran 20,000 ta hanyoyi kamar haka:

(1) a. dubu ashirin
b. zambar ashirin
c. ƙeso
d. jaka ɗari (idan naira ake nufi)

Misali na (1a) shi ne na yau da kullum. Kalmar zambar ta (1b) ta bambanta da dubu ta wajen ginin jimla, domin ba a cika jin ta ita kaɗai ba sai da adadin da ke biye da ita: zambar goma, zambar ashirin, zambar ɗari. Zabarmawa ma suna da zambar da ma'anar 1,000, da kuma zangu da ma'anar 100, wadda ita ma tsofaffin Hausawa suke amfani da ita wajen ƙirga wuri. Wannan ya nuna cewa kalmomin manyan lambobi sun bi sawun fatauci ne, ba su tsaya a iyakar harshe guda ba.

Ƙeso a asali tsohuwar tabarma ce, sai aka sa wa ƙunshin wuri 20,000 sunan abin da ake ƙunshe shi a ciki. Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina da Kano a 1851, ya bayyana yadda ya ga ana ƙirga wuri: ana jan su biyar-biyar da yatsu, a tara su tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000, su kuwa sarakuna suna ɗura 20,000 a buhun saƙa guda. Ya kuma nuna cewa a Kano wuri 2,500 ne suke daidai da dalar azurfa ɗaya, ke nan ƙeso dala takwas ne cif a wancan lokaci. Idan aka jera matakan ƙirgar za a ga tsari mai kyau: biyar sau huɗu ita ce hauya, wato 20, hauya biyar zangu, hauya goma metan, metan biyar dubu, dubu ashirin ƙeso. Ke nan ƙeso hauya dubu ne, ko zangu metan, ko tsibin metan guda ɗari, ko jan yatsa 4,000. Babu matakin da yake barin ragowa, kuma a sashe na gaba za a ga dalili.

Yarbawa sun yi tarayya da Hausawa a nan. A wurinsu wuri 40 zare ɗaya ne, zare 50 su ba da 2,000, goma irin wannan su ba da ọkẹ kan, wato buhu ɗaya na 20,000, kuma har yanzu kalmar tana nan a Yarbanci da ma'anar wannan adadi. Tsohuwar ƙidayar Igbo kuwa ashirin-ashirin take tafiya: ọgụ 20, nnụ 400. A wannan tsari 20,000 nnụ hamsin ne, wato 8,000 sau biyu da 400 sau goma. Daga shekarun 1970 ƙungiyar raya harshe da al'adun Igbo, wadda F. C. Ogbalu ya kafa a 1949, ta daidaita ƙidaya mai tafiya goma-goma, da narị 100, puku 1,000, nde miliyan, ijeri biliyan. Shi ya sa ɗan makarantar Anaca a yau zai ce puku iri abụọ, wanda gininsa daidai yake da na dubu ashirin, kalma da kalma.

Su kuwa malaman zaure da suke lissafi da baƙaƙen Larabci bisa tsarin Magariba, wanda ake haddacewa da aiƙash, bakar da sauransu, baƙaƙensu sun ƙare ne a kan shinun, 1,000. Babu baƙi guda da zai ɗauki 20,000, sai a haɗa kafun, mai daraja 20, da shinun, a fahimci cewa ninkawa ake nufi ba tarawa ba.

Misali na (1d) ya fi sauran rai a kasuwa. A zamanin fam da sule ana ɗaure fam 100 a jaka guda. Da naira ta zo a ranar 1 ga Janairu 1973, aka canza fam ɗaya a kan naira biyu, sai jaka ta zama naira 200 ba tare da sunan ya motsa ba. Yarbawa suna da apo kan, Igbo suna da akpa ego, duk bisa wannan asali. Don haka naira 20,000 jaka ɗari ce, ko fam dubu goma a bakin dattijon da bai saki tsohon lissafi ba. A Jamhuriyar Nijar kuwa dala faran biyar ce, jikka dala 200, wato faran 1,000. Faran 20,000 jikka ashirin ke nan, ko dala 4,000. Abin lura shi ne mai ƙirga sefa a Maraɗi biyar-biyar yake tafiya har yau, kamar kakansa mai jan wuri. Daga 1977 zuwa 1991 takardar naira 20 mai hoton Murtala ita ce mafi girma a Nijeriya, don haka 20,000 takarda dubu ce, bandir goma. Tun daga 2005 da aka fito da takardar naira 1,000 ta koma takarda ashirin da ake sakawa a aljihun gaba.

4.0 Halin Adadin a Ilmin Lissafi

4.1 Cika da Mara

Rabo na farko da kowane yaro Bahaushe ya sani daga wasa shi ne cika da mara: adadin da ya rabu biyu daidai cika ne, wanda ya bar ɗaya mara ne. 20,000 cika ne. Sai dai magabata ba su tsaya nan ba. Nikomakus, masanin Girka na wajen shekara ta 100 Miladiyya, wanda Sabit bn Ƙurra (ya rasu a 901) ya fassara littafinsa zuwa Larabci, ya kasa cika gida uku. Akwai wanda za a yi ta rabawa biyu har a kai ga ɗaya, kamar 32. Akwai wanda rabawa ɗaya za a yi a faɗa kan mara, kamar 50. Akwai kuma na tsakiya, wanda zai rabu biyu fiye da sau ɗaya amma ya tsaya a kan mara kafin a kai ɗaya. Idan aka gwada namu:

(2) 20,000 → 10,000 → 5,000 → 2,500 → 1,250 → 625

Sau biyar ya rabu kafin ya tsaya a kan 625, wanda mara ne, don haka yana gida na uku. A ƙidayar kwamfuta, wadda alƙaluma biyu kawai take amfani da su, ana rubuta shi 100111000100000, kuma sifiri biyar ɗin ƙarshe su ne shaidar rabawa biyar ɗin da aka yi a (2).

4.2 Tubalan Gini da Sassa

Akwai lambobin da babu abin da yake raba su ba ragowa sai ɗaya da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. A nan za a kira irin wannan adadi gagara-rabo. Tun zamanin Uƙlidis aka tabbatar cewa ba su da iyaka, kuma kowane adadi da ya wuce ɗaya, in ba gagara-rabo ba ne, to ninkin wasunsu ne ta hanya guda tak. Shi 625 da aka tsaya a kansa 5 × 5 × 5 × 5 ne. Ke nan:

(3) 20,000 = 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 5

Biyu sau biyar a jere, biyar sau huɗu a jere, babu wani tubali bayan waɗannan. Daga nan ake gane yawan sassansa, wato lambobin da suke raba shi ba ragowa. Duk wani sashe nasa zai ɗauki biyu daga babu zuwa guda biyar (zaɓi shida), ya ɗauki biyar daga babu zuwa guda huɗu (zaɓi biyar). Shida sau biyar talatin, ga su kuwa:

(4) 1, 2, 4, 5, 8, 10, 16, 20, 25, 32, 40, 50, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 400, 500, 625, 800, 1,000, 1,250, 2,000, 2,500, 4,000, 5,000, 10,000, 20,000

Wanda ya dubi (4) zai tarar da dukkan matakan ƙirgar wuri a ciki: 5, 20, 100, 200, 1,000 na Hausawa, 40 da 2,000 na Yarbawa, 20 da 400 na tsohuwar ƙidayar Igbo, har da 2,500 na farashin dala. Wannan ne ya sa buhun 20,000 ya karɓu daga Kano har bakin teku: mai ƙirga goma-goma da mai ƙirga ashirin-ashirin duk suna isa gare shi ba tare da ragowa ba. Su kuwa gagara-rabo, akwai 2,262 a ƙasa da 20,000. Mafi kusa da shi ta ƙasa shi ne 19,997, ta sama kuma 20,011.

4.3 Rara da Giɓi

Wani rabon da aka gada daga Girkawa ta hannun Larabawa shi ne a tara sassan adadi, ban da shi kansa, a gwada jimlar da shi. Idan jimlar ta yi daidai da adadin, kamar 6 (1 + 2 + 3) ko 28 ko 496 ko 8,128, Larabawa suna ce masa tammun. Idan ta gaza, naƙisun. Idan ta zarce, za'idun. Jimlar dukkan sassa talatin na (4) ita ce 49,203, wadda ake samu cikin sauƙi ta ninka 63 (1 + 2 + 4 + 8 + 16 + 32) da 781 (1 + 5 + 25 + 125 + 625). In an cire 20,000 saura 29,203. Ke nan adadin mai rara ne, rararsa kuwa 9,203.

4.4 Murabba'i

20,000 ba murabba'i ba ne, domin 141 × 141 yana ba da 19,881, shi kuwa 142 × 142 yana ba da 20,164. Dalilin yana cikin (3): kafin adadi ya zama murabba'i dole kowane tubali ya zo da yawan da yake cika, a nan kuwa biyu ta zo sau biyar. Amma ninkin murabba'in 100 ne, kuma ana iya samar da shi daga tara murabba'i biyu ta hanyoyi uku kacal: na 100 da na 100, na 20 da na 140 (400 + 19,600), na 68 da na 124 (4,624 + 15,376).

4.5 Rashin Uku

A nan ne adadin yake nuna rauninsa, kuma a nan ne nazarin ya fi amfani ga mai ciniki. Tunda babu 3 ko 7 a cikin tubalansa, ba ya rabuwa uku, ko shida, ko bakwai, ko tara, ko goma sha biyu. In an raba shi uku a sami 6,666 saura 2. In an raba shida 3,333 saura 2. In an raba tara 2,222 saura 2. In an raba goma sha ɗaya 1,818 saura 2. Maimaituwar biyun nan ba sihiri ba ce: 19,998 ninkin 9,999 ne, wanda 3 da 9 da 11 duk suke rabawa. 'Yan adashi ko abokan tarayya takwas, ko goma, ko goma sha shida, ko ashirin da biyar, za su raba 20,000 kowa ya tashi da nasa daidai. Idan su uku ne, ko shida, sai wani ya yafe.

Basden, wanda ya daɗe yana aikin mishan a Anaca da Awka, ya bayyana a littafinsa na 1921 cewa Igbo shida-shida suke ƙirga wuri, kuma Zaslavsky (1973) ta sake jawo hankali ga wannan. Wuri shida shi ne isi ego, goma irinsa, wato 60, shi ne ukwu. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna abin da zai faru in ƙeso ya sauka a kasuwar da ake irin wannan ƙirga: zai ba da isi ego 3,333 saura wuri 2, ko ukwu 333 saura wuri 20. Abin da yake cikakken buhu a Kano guntu yake bari a Anaca. Da buhun 20,160 ne, wato ƙarin wuri 160 kawai, da ya ba da ukwu 336 cif, domin shi 20,160 ninkin 2,520 ne sau takwas, kuma 2,520 shi ne adadi mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga 1 zuwa 10 take rabawa. Sassan 20,160 guda 84 ne, kusan ninki uku na na maƙwabcinsa. A ganina wannan ya isa ya nuna cewa adadin da ya yi kyau a ido saboda jerin sifiri ba lalle ne ya fi daɗin rabo ba.

Malamin da ake kira rabon gado a zango ya san wannan matsala sarai. Kason da shari'a ta yanka su ne rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. A ɗauka mutum ya rasu ya bar naira 20,000 da mata da uwa da ɗa. Sumunin matar 2,500 ne ba gardama. Sudusin uwar kuwa naira 3,333 ne da kwabo 33 da wani guntu da ba ya ƙarewa komai nisan da aka bi shi. Abin sha'awa shi ne tsohon kuɗi ba shi da wannan ciwo. Fam ɗaya sule 20 ne, sule kwabo 12, wato fam kwabo 240, adadin da uku take rabawa. Sudusin fam 10,000 shi ne fam 1,666 da sule 13 da kwabo 4, babu ragowar ko anini. Canjin 1973 ya sauƙaƙa tarawa da ninkawa, amma ya ƙwace wa masu rabo uku da shida sauƙin da suka saba da shi. Zakka kuwa ba ta gamu da cikas ba, domin ɗaya cikin arba'in na 20,000 shi ne 500, ushira kuma 2,000.

Haka abin yake a ilmin hatimi, fannin da Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi fice a kansa da littafin da ya rubuta a 1732. A hatimi mai gida uku-uku jimlar kowane layi ninki uku ce ta gidan tsakiya, don haka babu yadda za a cika shi da lambobi marasa guntu kowane layi, har da na karkace, ya ba da 20,000. Mai gida biyar-biyar kuwa yana karɓarsa hannu biyu: a jera lambobi ashirin da biyar daga 3,988 zuwa 4,012, a sa 4,000 a tsakiya, kowane layi ya tashi 20,000. Ko a lissafin kwanaki bambancin yana fitowa. Kwana 20,000 makon Igbo mai kwana huɗu ne (Eke, Orie, Afọ, Nkwọ) guda 5,000 daidai, amma a makon Hausa mai kwana bakwai 2,857 ne da kwana ɗaya.

5.0 Batun Kalmomin Fannu

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a farkon firamare, kuma a 1987 aka buga jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare a harsunan Nijeriya tara, har da Hausa da Igbo. Littafin keɓaɓɓun kalmomin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 harshe da adabi ya fuskanta. Rabe-raben da aka tattauna a sashe na 4.0 sun wuce matakin firamare, saboda haka mai rubutu a kansu dole ya zaɓi kalmominsa da kansa, kuma zaɓin yana da tarko.

Tarko na farko shi ne fassara tammun da “cikakke”. Kalmar ta yi kusa da cika har ɗalibi zai ɗauka duk adadin da ya rabu biyu ake nufi, alhali 20,000 cika ne amma ba tammun ba ne. “Kammalalle” ya fi aminci. Ga za'idun da naƙisun babu buƙatar aro ko ƙirƙira, domin rara da giɓi suna nan a bakin 'yan kasuwa da masu karanta kasafin kuɗi a rediyo, kuma ma'anarsu ta dace ɗari bisa ɗari. Tarko na biyu shi ne sunan lambar da take raba wata. Ƙirar ma-…-i za ta ba da marabi, amma jam'inta a rubuce maraba ne, wanda ba a bambanta shi da na tarbar baƙo tunda rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Shi ya sa aka zaɓi sashe da sassa. Gagara-rabo kuwa an gina shi ne a kan ƙirar gagara-gasa da gagara-misali, wadda kunnen Bahaushe ya saba da ita, kuma ya fi “lambar farko” da wasu za su so su kwaso daga Larabci ko Turanci, domin lambar farko a Hausa ɗaya ce, ɗaya kuwa masana lissafi ba sa sa ta cikin wannan aji.

6.0 Harshen Damo a Manyan Lambobi

Sauran matsalar ta ginin jimla ce, kuma ita ta fi shafar zango. A dubi waɗannan:

(5) a. dubu ashirin da biyar
b. dubu ashirin ba uku
c. dubu ɗari da hamsin

Misali na (5a) yana iya zama 25,000, idan “ashirin da biyar” ne suke bayyana dubu, ko 20,005, idan “da biyar” ƙari ne a kan “dubu ashirin”. Haka (5b) ko 17,000 ko 19,997, gagara-rabon nan da aka ambata a baya. Shi ma (5c) ko 150,000 ko 100,050. A magana ɗan dakatawa bayan ashirin yana taimakawa, kuma kunne ya fi karkata ga ma'ana ta farko, amma a rubuce babu abin da yake raba gardama. Sabuwar ƙidayar Igbo ma ba ta tsira ba, tunda puku iri abụọ na ise ginin (5a) gare shi.

A kan wannan sai ga al'adar jefar da kalmar dubu baki ɗaya. A gariki idan dillali ya ce an taya sa ɗari biyar, ba wanda zai ɗauka naira 500 yake nufi, kamar yadda mai albasa in ya ce ashirin kowa ya san dubu ashirin ce. Wasu suna ɗora laifin wannan a kan faɗuwar darajar naira, amma al'adar ta girmi naira nesa ba kusa ba. A zamanin wuri alfin 2,000 ne, talata 3,000, arba 4,000, hamsa 5,000, sitta 6,000: an ɗauko ƙananan lambobin Larabci an bar dubu a zuci, ana kuma rage su da gaira, kamar metan gaira ashirin, wato 180. Bambancin shi ne a wancan tsari hamsa da biyar kalmomi biyu ne daban, don haka ba a rikita 5,000 da 5. Na yanzu kalma guda ce take ɗaukar nauyi biyu, sai mahallin magana ya raba. Tsakanin Bahaushe da Bahaushe mahallin yakan wadatar. Idan ciniki ya haɗa mai jin Hausa sama-sama, ko aka gauraya jaka da dubu a zance guda, “ɗari” tana iya zama naira 100, ko 20,000 in jaka ake nufi, ko 100,000 in dubu ake nufi.

Harshen yana da maganin abinsa, sai dai ba a mayar da shi ƙa'ida ba. Kalmar guda tana yanke ƙarin daga jikin dubu: dubu ashirin da guda biyar 20,005 ne ba makawa, dubu ashirin ba guda uku kuma 19,997. Ta ɗaya ɓangaren maimaita dubu yana tabbatar da babbar ma'ana, kamar dubu ɗari da dubu hamsin, 150,000. Idan kuɗi ne sunan kuɗin yana yin aikin guda: naira dubu ashirin da naira biyar. Ya kamata masu rubuta littattafan lissafi da masu fassara labarai su lizimci waɗannan hanyoyi, haka ma magatakardan sarkin Hausawa da yake rubuta takardar bashi ko ta cinikin dabba, ya kuma sa alƙaluma kusa da kalmomi: jaka ɗari, naira dubu ashirin, 20,000.